Indararo Dubu Goma da Ɗaya

Da sunan Wanda ya san adadin yashi bai ƙirga ba, ya san adadin ɗigon ruwan sama bai tara a ƙwarya ba. Ni ce Yalwa 'yar Ladingo mai daddawa. Ku gyara zama in ba ku labarin abin da idona ya gani a Birnin Indararo, a shekara ta huɗu da barina gida.

Mahaifiyata takan shanya daddawa jeri-jeri a kan tabarma, kuma ba ta son ganin jeri ya fi ɗan'uwansa. In curin ya kai goma sha biyu, sai ta yi jeri uku na hurhuɗu. In ya kai goma sha uku, duk yadda ta juya shi sai wani ya yi saura. Irin wannan adadi takan kira shi gagara-rabo, ta ɗauke na sauran ta jefa a miya. Na taɓa tambayarta ko gagara-rabo suna ƙarewa in ƙirga ta yi nisa. Ta ce, "Ke, ni miya nake yi. Je ki tambayi duniya."

Na yi karatu, na yi aure, na aurar da 'ya'yana, tambayar ba ta bar ni ba. Da na cika arba'in na ɗaura wa jakata kaya, na ɗauki allo da ƙwallayen tsamiya na yin ƙirga, na tafi tambayar duniya.

Na ƙetare kogin da yake gangarawa gabas da safe, ya komo yamma da la'asar. Na faɗa Garin Bibbiyu, inda ba a shiga ko fita sai mutum biyu a jere, suka tsare ni kwana tara a ƙofa suna jiran wani baƙo ya zo a haɗa mu. A rana ta goma na yafa wa jakata zane, na gabatar da ita a matsayin ƙanwata mai kunya. Mai gadi ya gaishe ta, ta kaɗa kunne, ya buɗe mana. Daga nan muka yi wata biyu a filin gishiri, har muka hango tsauni guda tsaye kamar turmin da aka kife, gidaje sun zagaye shi hawa-hawa. A ƙololuwarsa wani abu yana walƙiya yana juyawa.

A gindin ganuwa na tarar da gidaje takwas na maginan tukwane. Wata tsohuwa mai hannuwa kamar saiwar kuka ta tare ni, ta ce sunanta Kande, amma kowa Goggo yake ce mata. Ta ba ni ruwa rabin moɗa.

"Yi haƙuri, 'yata, kin zo a mugun lokaci," in ji ta. "Mu dama roƙon ruwa muke yi a cikin gari. Yanzu waɗanda muke roƙo su ma roƙo suke."

Na tambaye ta mene ne mai walƙiya a sama. Ta ce zalɓe ne na tagulla, tsayinsa ya kai na rimi. Yana tsaye a tsakiyar idon ruwa, bakunan indararo dubu goma da ɗaya sun zagaye shi, kowane indararo yana gangarawa gida guda. Zalɓen yakan cika baki, ya zuba a indararo ɗaya, ya juya ya tsallaka zuwa wani. Kafin rana ta sake fitowa ya zagaye kowa, kowane gida ya sami cikin randa babba.

"To don me yake tsallake? Ya bi su ɗaya bayan ɗaya mana."

"A shekarar farko haka ya yi. Sai na ƙarshe suka yi ƙorafi, kullum su ne ke shan ragowa. Aka yanke cewa duk sabuwar shekara Uwar Ruwa, mai kula da tsuntsun, za ta kafa turke ɗaya a ƙafafun da ke juya shi. Turke biyu, ya zuba a kowane na biyu. Turke goma, a kowane na goma. Haka zubin yake sauyawa, na farkon bana ya zama na tsakiyar baɗi. Shekara saba'in da biyu ba a taɓa tsallake gida ba. Kwana goma sha biyu da suka wuce Tasalla ta kafa na saba'in da uku." Ta tofar da yawu. "Tun daga ranar zalɓe ya zaɓi 'yan gidaje yake ta yi musu ambaliya. Saura ko ɗigo."

"Wace ce Tasalla?"

"Uwar Ruwa. Ƙawata tun muna 'yan mata. Gidan ƙanwarta yana cikin masu samu, sai aka ce ta karkatar da tsuntsun don danginta. Jibi da azahar za a sa ta a kwando, a zura ta bayan tsauni, ƙasan da ba hanyar hawowa."

Na ce ina so in ga gidajen da ke samun ruwan. Ta dube ni kamar na nemi ganin aljanu, amma ta ɗauki sandarta.

Washegari tun da hantsi muka fara zagaya gari. Kowane gida an rubuta lambar indararonsa a kan ƙofa, wannan ya sauƙaƙa mini. Gidajen da ruwa ya zaɓa ba su da wuyar ganewa: katanga ta jiƙe ta zube, kwaɗi sun cika tsakar gida, layin masu tulu ya miƙe har kwana. Muka iske ƙanwar Tasalla tsaye a cikin ruwa har gwiwa tana riƙe da akuya.

"Wai gata aka yi mini!" in ji ta. "Ɗakina biyu sun faɗi. In wannan ne gata, a kai wa maƙiyina."

Duk gidan da muka samu jiƙe, na rubuta lambarsa a allo, na jefa ƙwallon tsamiya guda a aljihu. Goggo Kande tana ta mita: "Mutane na mutuwa da ƙishi, ke kina wasan 'yar carafke." Na ci gaba da rubutuna. Da rana ta yi sanyi na zauna a inuwa, na jera lambobin daga ƙarama zuwa babba. Tsakanin kowace da mai bi mata saba'in da uku ne, babu daɗi babu ragi. Na zazzage aljihu na ƙirga ƙwallayen: ɗari da talatin da bakwai. Na ninka su da saba'in da uku, na sake ninkawa don kada ɗoki ya ruɗe ni. Dubu goma da ɗaya cif.

"Goggo," na ce, "ƙawarki ba ta taɓa komai ba. Wa ke yanke hukunci a garin nan?"

Magajin gari, Jatau, dogon mutum ne mai faɗa da ƙarfi da saurin gajiya. Ranar hukunci da safe na same shi a dandalin saman tsauni, dattawa zagaye da shi, jama'a cike. Zalɓen yana ta juyi a bayansu, ga ƙarar ruwa, ga leɓɓan mutane a bushe. A bakin gaɓa an rataye kwando a jikin gungume, Tasalla a ciki, gajeriyar mace mai furfura, ta harɗe hannuwa kamar mai jiran a gama mata kitso.

Na durƙusa na yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, laifin ba na Uwar Ruwa ba ne. Na adadin indararonku ne. Yana rabuwa."

Dandali ya ɗauki hayaniya. Magaji ya ɗaga hannu. "Baiwar Allah, daga ina? Ko yaron goye a garin nan ya san adadinmu ba ya rabuwa. Kakanninmu sun gwada shi a nan inda kike durƙushe." Ya nuna ƙasa. Sai a lokacin na lura daɓen dandalin duk gurabu ne kamar na dara. "Sun jera shi bibbiyu, uku-uku, har saba'in-saba'in. Kullum da saura."

"Me ya sa suka tsaya a saba'in?"

"Faɗin dandalin ke nan. Gurbi saba'in."

Daga cikin kwando Tasalla ta ce, "Kakana ya ce wanda ya shugabanci gwajin cewa ya yi, wa zai kai shekara saba'in ma tukuna?"

"Ke, wadda ke cikin kwando ba ta magana!"

"To ka zura ni mana, Jatau, ka huta. Tun kana tsallake katangarmu satar goruba na san ba ka da haƙuri."

Aka yi dariya, har da masu riƙe da igiya. Magaji ya juyo kaina da fushin da ya kamata ya sauke a kanta. "In kin ɓata mana lokaci, kwandon nan yana ɗaukar mutum biyu."

Na leƙa ƙasan gaɓar. Farin gishiri ne har iyakar gani, da wasu abubuwa da ban so in tabbatar ko ƙasusuwa ba ne. Na ce na yarda.

Na roƙi Goggo Kande tukwane goma sha biyar, na jera su zobe. Na ba Magaji tsakuwoyi, na ce ya jefa a kowace ta uku. Ya zagaya, ya zagaya, ya komo inda ya fara. Tukwane biyar kawai suka samu.

"Ci gaba, ranka ya daɗe."

Ya ci gaba. Biyar ɗin nan dai. Na cire tukwane biyu, saura goma sha uku. Ya jefa a kowace ta uku, duka suka samu. Ta huɗu, duka. Ya gwada ta biyar da ta shida da kansa ban ce ba, ya tsaya yana shafa gemu.

"Goma sha biyar tana rabuwa da uku, shi ya sa taku uku ya kulle a kan biyar," na ce. "Goma sha uku ba ta rabuwa da komai, duk takun da ka yi sai ka taka kowa. Yanzu a kawo wake dubu goma da ɗaya, a jera saba'in da uku-uku. Gurabu uku na ƙarshe a tona su a bayan daɓe."

Mata ashirin suka zauna jeri. Rana ta ɗaga, inuwar zalɓe ta gajarce. Da aka ajiye ƙwayar ƙarshe a jeri na ɗari da talatin da bakwai, matar da ke riƙe da faifan waken ta kife shi ta girgiza. Babu saura. 

Wani dattijo ya ce, "To a ƙara turke ɗaya ya zama saba'in da huɗu, mu sha ruwa."

Ni ma abin da zan faɗa ke nan, amma na ga fuskar Magaji ta sauya. Goggo Kande ta raɗa mini cewa a garin turke shi ne shekara. In aka kafa shi, kowa ya ƙara shekara a take, kuma wa'adin Jatau a turke na saba'in da huɗu yake cika.

"Ba a tsallake shekara," in ji Magaji. "Ba a kuma zare turken da aka kafa. Baƙuwa ta nuna mana ciwo, ba ta kawo magani ba. Doka ta ce Uwar Ruwan da ruwa ya tsaya a hannunta, in bai dawo ba, kwando. Na ƙara muku zuwa faɗuwar rana, ba don halin wannan ba."

"Allah ya saka, ɓarawon goruba," in ji Tasalla. Amma na ga hannunta ya kama bakin kwandon da ƙarfi.

Na zauna a ƙasa da allona. In ba a taɓa turke ba, sai a taɓa indararo. Rage su na nufin hana wani gida ruwa, wannan ba mai yarda. Saura ƙari. Dubu goma da biyu, da huɗu, da shida, duk biyu ta raba su. Da uku na gwada, bakwai ta raba shi. Da biyar kuwa sunansa ya tona shi. Dubu goma da bakwai na bi shi da duk abin da na sani, ya ƙi.

"A ƙara bakin indararo shida, ranka ya daɗe. Akwai fili a ƙofar da Uwar Ruwa ke shiga."

"Mu kuma mu yarda da allonki? Kakanninmu ma sun ce sun gwada. Sai an jera shi a gabanmu, da kowane adadi har dubu goma."

"Wannan sai jikokin Tasalla sun yi furfura. Ashirin da biyar sun isa."

"Ashirin da biyar!"

Na nuna masa waken da ke shimfiɗe. "Dubi wannan. Ta nan saba'in da uku ne, ta can ɗari da talatin da bakwai. In ka zagaya ka tsaya ta gefe, tsawo ya zama faɗi, wake bai motsa ba. Jeri ɗari da ɗaya na ɗari da ɗai-ɗai ya wuce dubu goma da ɗari biyu, ya fi tarinmu. Ke nan in tarin zai rabu, dole gefe guda bai wuce ɗari ba. Mu nemi gajeren gefen kawai. Kuma abin da huɗu ta raba, biyu ta riga ta raba shi. Abin da tara ta raba, uku ta riga ta. Sai mu gwada da gagara-rabo kaɗai, su kuwa a ƙasa da ɗari ashirin da biyar ne."

Magaji ya taka a hankali ya zagaya shimfiɗar, ya tsaya ta gefe, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "A buɗe rumbun wake."

Ban taɓa ganin gari ya yi lissafi da ƙishi ba sai ranar. Aka kasu ƙungiya ashirin da biyar, a dandali, a kan soraye, a tituna. Masu bibbiyu jerinsu ya gangara har kasuwa, sai da aka sa mutum korar kaji. Ni ina zagayawa, duk ƙungiyar da ta gama ta kawo mini sauranta a tafin hannu, in rubuta. Uku ta bar biyu. Bakwai ta bar huɗu. Goma sha ɗaya ta bar takwas, goma sha uku ta bar goma. Saba'in da uku, mai laifin, ta bar shida. La'asar ta yi sakaliya kafin masu casa'in da bakwai su hawo da gudu, wake goma sha shida a hannun shugabarsu.

"Duka da saura," na ce. "Wannan gagara-rabo ne na gaske."

Aka yi guɗa. Magaji ya ce sababbin indararo shida a ba maginan tukwane, tunda su za su gina su, kuma su ne marasa ruwa. Masu igiya suka fara jawo kwandon.

"Dakata," in ji Tasalla. "Kande, gidajenku nawa?"

"Takwas."

"To su wa za a bari?"

Goggo Kande ta sunkuyar da kai. "Fito dai, Tasalla. Ni da gidan Barmo za mu ci gaba da roƙo, mun saba."

"Shekara talatin ina kallonki kina hawa tsaunin nan da tulu, indararon da kika gina yana wuce ki. Ba na fitowa a kan shida." Ta dube ni. "Ke mai allo, takwas fa?"

Rana ta riga ta taɓa bakin filin gishiri. Wani ya ce babu lokacin sake jera wake, Magaji ya ce shi dai faɗuwar rana ya faɗa. In na ce eh ban tabbatar ba, na zama kamar kakanninsu. Na dubi allon. Sai na ga ba sai an sake jeri ba.

"Kowace ƙungiya ta riƙe sauranta! A ƙara wa kowa wake biyu. Wadda sauranta ya cika jeri daidai, ta ɗaga murya."

Aka bi su da wake bibbiyu. Masu uku suka ce nasu ya cika jeri ya bar ɗaya. Masu biyar suka ce huɗu, saura ƙiris. Masu bakwai, shida. Masu goma sha ɗaya, goma. Masu goma sha uku, goma sha biyu. Waɗannan huɗun kowace ta zo bakin cika ta tsaya, da gidajen tara ne da duk sun kama mu lokaci guda. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya har casa'in da bakwai. Babu wadda ta ɗaga murya.

"Dubu goma da tara ma ba ya rabuwa," na ce. "Shi da dubu goma da bakwai tagwaye ne, adadi ɗaya ne kawai a tsakaninsu. A nisan nan ban taɓa zaton zan gamu da irinsu ba."

"Ki yi mamakinki daga baya," in ji Goggo Kande. Ta riga ta tura mutanenta, suna hawowa da bakunan indararo takwas a ka, cikin waɗanda suke ajiyewa don gyara. Aka jera su a ƙofar Uwar Ruwa, aka liƙe da yumɓu. Zalɓen ya cika baki, ya juya, ya ƙirga saba'in da uku, ya zuba. Ya zagayo, ya wuce bakin da ya saba tsayawa, ya zuba a wani da ya yi kwana goma sha huɗu a bushe. Can ƙasa muka ji wata mata ta ƙwala ihu, sai wata a wani gefen, sai wata.

Aka jawo kwandon. Tasalla ta ƙi hannun Magaji, ta dafa kafaɗar Goggo Kande ta fito, ƙafafunta sun sage sai da ta zauna a ƙasa.

Magaji ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Baiwar Allah, faɗa mini gaskiya. Wannan ba zai taɓa cin amanarmu ba?"

Na so in ce a'a in huta, amma lissafi bai ce haka ba. "Zai ci, ranka ya daɗe, sau ɗaya. Ranar da turaku suka kai dubu goma da tara, zalɓen zai yi zagaye guda cif, ya komo bakin da ya bari. Gida ɗaya zai yi ta zuba wa."

Dattawa suka dubi juna. Wani ya fara ƙirga da yatsu, ya fasa.

Tasalla tana murza gwiwa ta ce, "Wadda ke riƙe da turakun a shekarar, ku gaya mata na ce ta yi ta kanta. Ni dai a ba ni ruwa."

Aka kawo moɗa cike. Ta sha rabi, ta miƙo mini sauran. Abin da na gani ke nan a Birnin Indararo, ban ƙara ƙwaya ba, ban rage ba. Wanda ya yi shakka, wake yana da araha, ya shimfiɗa tabarma ya jera.